Baƙin Cikin Rashi Mai Daɗewa ga Tsofaffi, da Yadda Ake Maganinsa

An shirya wannan ɗan littafi domin hakimai da malaman gunduma, su karanta, su kuma bayyana wa dagatai da masu unguwanni abin da ke cikinsa. Maganar da ya ƙunsa ta wani ciwo ce wanda ba ya sa zazzaɓi, ba ya fid da ƙurji, amma yakan kwantar da dattijo ko dattijuwa shekara da shekaru, wani lokaci har ya kai su kushewa. Ciwon kuwa shi ne baƙin cikin rashi wanda ya ƙi lafawa. Likitoci sun san shi, sun ba shi suna, sun kuma samo masa magani ta hanyar zantawa a bisa tsari, ba tare da allura ba.

Baƙin ciki na al'ada da wanda ya zama ciwo

Duk wanda aka yi wa rasuwa lalle ne ya yi baƙin ciki, wannan kuwa ba ciwo ba ne. A ƙasar Hausa an yi wa makoki tsari tun da daɗewa: zaman karɓar gaisuwa na kwana uku, a wasu wurare da sadakar bakwai da ta arba'in, sa'an nan takabar wata huɗu da kwana goma ga matar da mijinta ya rasu. Kiristoci da sauran jama'a su ma suna da nasu tsarin. Cikin waɗannan kwanaki mai rashi yakan kasa cin abinci, barci ya ƙaurace masa, ya riƙa jin kamar muryar mamacin a zaure. Amma da tafiya ta yi nisa sai nauyin ya soma raguwa. Kewa tana nan, tana tashi ran salla ko ran bikin jika, amma mutum ya koma gona, ya koma kasuwa, ya koma jam'i. Mafi yawan mutane haka suke warkewa da taimakon dangi da maƙwabta, ba sa bukatar likita.

Akwai kuwa waɗanda abin yakan tsaya musu cik. Shekara ta zagayo, wata ma ta bi bayanta, amma zuciyarsu tana nan kamar jiya aka kai mamacin makwancinsa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta shigar da wannan hali cikin littafinta na sunayen cututtuka, bugu na 11, wanda aka amince da shi a 2019, ya soma aiki ran 1 ga watan Janairu na 2022. Alamun da ta zayyana su ne: begen mamacin mai tsanani ko tunaninsa wanda ba ya barin zuciya, raɗaɗin rai, kamar fushi ko zargin kai ko zargin wasu, kasa yarda cewa mutuwar ta auku, jin kamar wani ɓangare na mutum ya mutu tare da mamacin, mutuwar zuciya, har ba abin da ke faranta ta, da kuma janye jiki daga jama'a. Ba a kiransa ciwo sai ya kai wata 6 ko fiye, ya kuma zarce abin da addini da al'adar mutanen wurin suka sani, sa'an nan ya hana mutum harkokinsa na yau da kullum. Ƙungiyar likitocin ƙwaƙwalwa ta Amurka, wadda ta karɓi ciwon cikin nata littafin a watan Maris na 2022, ta sa wa'adin wata 12 ga manya. Watau ke nan mai takaba ba ta shiga wannan lissafi ba ko kaɗan, domin wa'adinta bai kai wata 6 ba.

Da masana suka tattara bincike-bincike na ƙasashe dabam-dabam a 2017, sun sami cewa kimanin mutum 1 cikin 10 na manyan da aka yi wa rasuwa ta ajali yakan faɗa cikin wannan hali. Inda kuwa mutuwar ta zo ta hanyar kisa ko haɗari ko bala'i, adadin yakan ninka haka sau da yawa.

Yadda aka gano shi

A watan Nuwamba na 1942 gobara ta tashi a wani gidan shaƙatawa a birnin Bostan na Amurka, mutum 492 suka hallaka. Wani likita, Erich Lindemann, ya zauna da dangin waɗanda suka mutu da wasu masu rashi, ya rubuta abin da ya gani a 1944. Shi ne ya soma zayyana wa likitoci alamun baƙin ciki dalla-dalla. A Birtaniya kuma aka bi sawun maza 4,486 masu shekara 55 ko fiye waɗanda matansu suka rasu. Rahoton da Colin Murray Parkes da abokan aikinsa suka fitar a 1969 ya nuna 213 daga cikinsu sun mutu cikin wata 6 na farko, watau ƙarin kashi 40 cikin 100 a kan abin da ake tsammani ga tsaransu masu mata, mafi yawa kuwa ciwon zuciya ne ya ɗauke su. Ashe maganar mutane cewa wane ya bi matarsa tana da tushe.

A 1995 Holly Prigerson da abokan aikinta a birnin Fitsbag na Amurka suka bincika tsofaffin da abokan zamansu suka rasu, suka tabbatar cewa baƙin cikin rashi mai daɗewa dabam yake da ciwon damuwa. Mai ciwon damuwa duniya duka ce ta yi masa baƙi, yana ganin kansa ba shi da amfani. Mai wannan ciwo kuwa zuciyarsa a kan mutum ɗaya take. An kuma lura cewa ƙwayoyin da ke rage damuwa ba su cika taɓa begen mamacin ba. Wannan shi ya sa aka tashi neman magani na musamman.

Abin da ya sa tsofaffi suka fi bukatar lura

Dattijon da ya shekara arba'in ko hamsin da matarsa, ran da ta rasu ya rasa mai dafa masa abin da cikinsa ke so, da mai tuna masa shan magani, da wadda ta san tarihinsa tun yana saurayi. Tsohuwar da ɗanta ya riga ta ta rasa ɗa, ta kuma rasa mai ci da ita. Ga shi kuwa rasuwa takan zo wa tsoho a jere, tsara na bin tsara, kafin wani miki ya warke an fama shi. Ƙafa ta yi nauyi, ido da kunne sun ragu, 'ya'ya sun tafi birni neman abinci, saboda haka hanyoyin da yaro ke bi ya huce duk sun toshe masa.

Abin da ya fi muni shi ne ba a cika gane ciwon ba. In tsoho ya daina fita, sai a ce tsufa ne. In tsohuwa ta riƙa ambaton mamaci, sai a ce ta ruɗe, a wani wurin ma a jefe ta da maita. Namiji kuma ba shi da takaba, bayan kwana uku ana so a gan shi tsaye kamar ba abin da ya faru, sai ya haɗiye abin a ciki. Wasu kuma ana gaya musu cewa rashin tawakkali ne, sai kunya ta hana su buɗe baki. Alhali kuwa kowane almajiri ya san Annabi Yakubu, tsira da aminci su tabbata a gare shi, ya yi baƙin cikin rabuwa da ɗansa har idanunsa suka yi fari, ba kuwa wanda ya isa ya ce imaninsa ya raunana.

Abin da ke hana zuciya warkewa

Masana biyu na ƙasar Holan, Margaret Stroebe da Henk Schut, sun bayyana a 1999 cewa mai makoki yana kai da kawowa ne tsakanin abu biyu. Wani lokaci ya fuskanci rashin, ya yi kuka, ya tuna. Wani lokaci ya ajiye shi, ya dubi gonarsa da jikokinsa. Wannan kai da kawowa ita ce ke warkar da zuciya, kamar yadda mai ɗauke da kaya yake sauke shi ya huta sa'an nan ya sake ɗauka. Ciwon yana samuwa ne in wani abu ya tsai da ita.

Abubuwan da ke tsai da ita uku ne. Na farko, tunanin da-na-sani wanda ba ya ƙarewa: da na kai shi asibiti da wuri, da ban aike shi ba. Na biyu, gudun duk abin da ke tuna mutuwar, har a kulle ɗakin mamacin, a daina bin hanyar da yake bi, a hana kowa ambaton sunansa. Na uku, kasa samun hutu daga raɗaɗin, har mutum ya ga in ya yi dariya ya ci amanar mamacin. Gudun nan yana ba da sauƙi na yini ɗaya, amma shi ne ke hana zuciya koyon abin da hankali ya riga ya sani, watau cewa wanda ya tafi ba zai dawo ba.

Yadda ake maganin

Hanyar da aka fi gwadawa ita ce wadda Dokta Katherine Shear, likitar ƙwaƙwalwa, ta tsara a Fitsbag, daga baya ta ci gaba da ita a Jami'ar Kolambiya ta birnin Niyu Yok. Zama 16 ne, sau ɗaya kowane mako, kimanin wata huɗu ke nan. Don a fahimci yadda take tafiya, a ɗauki misalin wata tsohuwa wadda ta aiki ɗanta kasuwa, mota ta kife da shi a hanya, shekara uku ke nan ba ta taka kasuwar ba, ba ta kuma bari an buɗe ɗakinsa ba.

Zama na 1 zuwa na 3 na share fage ne. Likita ya ji tarihinta da na ɗan, ya bayyana mata cewa abin da ke damunta sananne ne, ba hauka ba ne. Ya ba ta aikin auna baƙin cikinta kowace rana da lamba daga 0 zuwa 10, ta lura da lokacin da ya fi tsanani da lokacin da ya fi sauƙi. In ba ta rubutu, jika ya rubuta mata. Da haka take ganewa cewa abin yana hawa yana sauka, ba kamar yadda ta zata ba. A zama na 3 akan gayyato wani makusancinta, 'ya ko ƙanwa, domin ya zama mataimaki a gida. Tun a nan kuma likita yake yi mata wata tambaya wadda ba wanda ya yi mata tun rasuwar: “Inna, da a ce nauyin nan ya ragu, me za ki so ki yi da sauran kwanakinki?” Ko amsar ƙarama ce, kamar komawa makarantar matan aure ko kiwon 'yan awaki, a kanta za a yi ta aiki mako-mako.

Zama na 4 zuwa na 9 su ne masu wuya, su ne kuma zuciyar maganin. Ta rufe ido ta ba da labarin ranar da ta ji mutuwar, daga farko har ƙarshe, kamar yanzu abin yake faruwa, na kimanin minti goma ko sha biyar. Ana ɗaukar muryarta, ta riƙa saurara a gida kowace rana. Bayan ta gama, su tattauna abin da ta lura da shi, sa'an nan ta ajiye labarin da gangan, ta yi wani abu mai sanyaya rai. Karon farko kuka yakan ci ƙarfinta. A karo na huɗu ko na biyar sai labarin ya soma zama abin da za ta iya ɗauka ta kuma ajiye. A nan ne sau da yawa da-na-sani yake kwancewa, domin da ta ji labarin da kunnenta sai ta tuna cewa ta sha aikensa wannan kasuwa sau ɗari yana dawowa lafiya, ba ta da hanyar sanin abin da zai faru ran nan.

Tare da wannan, su jera wurare da abubuwan da take gudu, daga mai sauƙi zuwa mai tsanani, ta riƙa fuskantarsu ɗaya bayan ɗaya. Wannan mako ta tsaya a ƙofar ɗakin. Mako mai zuwa ta shiga ta share shi. Daga baya ta bi hanyar kasuwa tare da 'yarta. Ba a tilasta mata, ba a kuma tsallake mataki. Sannu ba ta hana zuwa.

A zama na 10 ake tsayawa a duba abin da aka samu da abin da ya rage. Daga na 11 zuwa na 16 kuma akan koma ga tunawa da mamacin kansa: halayensa na kirki, har da waɗanda ba ta so, domin ta riƙe shi a zuci a matsayin ɗan Adam. Akan kuma sa ta faɗi, cikin tunaninta, abin da ba ta sami damar gaya masa ba, sa'an nan ta faɗi amsar da ta san zai ba ta. Ya kamata a fahimta sarai cewa wannan ba kiran matattu ba ne, ba shi da haɗi da bori ko duba. Ita da likita duk sun san ita ce ke magana. Abin da ake nema shi ne maganar da ta maƙale a maƙogwaro ta fita. Ranar ƙarshe ba a ce mata ta manta da ɗanta ba. Tana tunawa da shi, tana yi masa addu'a, tana kuma iya zuwa kasuwa.

Abin da gwaji ya nuna

An gwada wannan hanya kamar yadda ake gwada kowane magani, watau a raba majiyyata kashi-kashi ta hanyar ƙuri'a. A gwajin farko, wanda aka buga a 2005, mutum 95 aka raba biyu. Kashi 51 cikin 100 na waɗanda aka yi wa wannan magani sun sami sauƙi sosai, a kan kashi 28 na waɗanda aka yi wa wata hanyar zantawa da aka san tana maganin ciwon damuwa.

Gwaji na biyu, na 2014, na tsofaffi ne: mutum 151 a Niyu Yok, masu shekara 50 ko fiye, matsakaicin shekarunsu 66, mafi yawansu mata. Kimanin kashi 70 cikin 100 suka sami sauƙi da wannan hanya, a kan kashi 32 da ɗaya hanyar. An daɗe ana tsoron cewa sa tsoho ya maimaita labarin mutuwa zai karya shi. Gwajin ya nuna tsofaffi suna iya ɗauka, suna kuma amfana ƙwarai.

Na uku, na 2016, ya haɗa mutum 395 a birane huɗu na Amurka, don a ga ko ƙwayar maganin damuwa za ta taimaka. Waɗanda aka yi wa zantawar tare da ƙwayar da ba magani a cikinta, kimanin kashi 83 suka sami sauƙi; waɗanda aka ba wannan ƙwaya kaɗai, kashi 55. Da aka haɗa zantawar da ƙwayar gaske, adadin ya tsaya wajen kashi 84, watau ƙwayar ba ta ƙara kome ba ga baƙin cikin, ko da yake ta rage ciwon damuwa ga masu shi. Zantawar ta kuma rage tunanin kashe kai. Gwaje-gwaje a Holan da Jamus da Ostareliya, da hanyoyi masu kama da wannan, su ma sun nuna amfani. Har ila yau bincike ya nuna ba a samun wata riba in aka ce duk wanda aka yi wa rasuwa sai ya ga likita. Maganin na waɗanda abin ya tsaya musu ne.

Aikin hakimai da malaman gunduma

Likitocin ƙwaƙwalwa kaɗan ne a Nijeriya, suna kuma manyan birane, tsoho kuwa ba zai kai kansa ba. Amma taimakon shugabannin ƙasa a wannan fanni ba baƙon abu ba ne. A 1954 Dokta Thomas Adeoye Lambo ya soma saukar da majiyyata tare da danginsu a ƙauyukan da ke kewaye da asibitin Aro na Abekuta, da yardar shugabannin ƙauyukan, tsarin kuwa ya yi suna a duniya. Abin da ake roƙon hakimai shi ne:

1. Inda ake ajiye littafin haihuwa da mutuwa, malamin gunduma ya riƙa dubawa. In rasuwa ta cika wata shida, sa'an nan in ta cika shekara, ya tuna wa dagaci ya sa mai unguwa ya bincika halin tsohon da aka bari. A fi lura da wanda ya rasa ɗa, da wanda nasa ya mutu ta hanyar kisa ko haɗarin mota ko na jirgin ruwa, da wanda bai ga gawa ba, da wanda yake zaune shi kaɗai.

2. A tambaya da ladabi, a keɓe. Tsohuwa a aika mata mace. “Baba, yaya dare yake yi maka tun rasuwar Hajiya?” ta fi buɗe baki a kan “Baba, ai haƙuri za ka yi.” In ya soma ba da labari a bar shi ya kai ƙarshe, ko da an sha ji.

3. A nemi taimakon limamai da malamai su bayyana wa jama'a cewa neman magani ba ya rushe tawakkali, kuma kada a kunyata mai kuka.

4. A gaggauta rabon gado a bisa shari'a. Rigimar gona ko gida da ta ƙi ƙarewa tana fama mikin kullum. Kada kuma a kwashe kayan mamaci a ɓoye da nufin a sa tsoho ya manta. A yi da saninsa.

5. In alamun da aka zayyana sun tabbata, a kai shi asibiti mafi kusa tare da wani danginsa, a nemi takardar zuwa wurin likitan ƙwaƙwalwa. Akwai asibitocin wannan fanni a Barnawa ta Kaduna, da Kware ta Sakkwato, da Maiduguri, da Dawanau ta Kano, akwai kuma sassansa a asibitocin koyarwa. Dangi su faɗa wa likita sarai cewa abin ya soma ne daga rasuwa, su tambayi magani ta hanyar zantawa. Ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Kada a saya masa ƙwayoyin barci a kasuwa, domin suna sa tsoho jiri da faɗuwa.

6. Wanda ya ce gara ya bi mamacin, ko ya ƙi abinci, ko ya daina shan maganin hawan jini ko na sukari da gangan, ba a jira wata shida. A kai shi asibiti ran nan, kada kuma a bar shi shi kaɗai.

7. Ba a ɗaure mai wannan ciwo, ba a kulle shi, ba a dukansa da sunan magani. Dokar lafiyar ƙwaƙwalwa ta ƙasa, wadda aka sa wa hannu a watan Janairu na 2023 a madadin tsohuwar dokar 1958, ta kare mutuncin majiyyaci da haƙƙinsa.

Hakimi uban ƙasa ne, tsofaffin gundumarsa kuwa amana ce a hannunsa. Ran da aka yi rasuwa ƙofar gida takan cika, bayan arba'in sai ƙafa ta ɗauke, daga nan ne kuwa wannan ciwo yake kama wanda zai kama. Saboda haka ana roƙon kowane hakimi ya sa a karanta wannan ɗan littafi a taron dagatai na gaba, ya kuma umarci kowane dagaci ya kawo masa labarin tsofaffin da aka yi wa rasuwa a ƙasarsa cikin shekara biyun da suka wuce. Allah ya jiƙan waɗanda suka riga mu, ya ba waɗanda aka bari lafiya.